Daƙiƙa biyar kafin labarai: wa ya taɓa haɗa tambarin tasha mai motsi?

Ɗan Jidda:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata ƙaramar tasha ta ba ni aikin tambarinta mai motsi, irin wanda ke giftawa kafin labarai. Sharaɗinsu: ba mutum, ba gini, ba bishiyar dabino, launi da siffa kawai. Yau kwana huɗu ina zaune gaban After Effects, manhajar haɗa hoto mai motsi, ko layi ɗaya ban ja ba. Ku da kuka taɓa yi, ta ina kuka kama?

Mai Zane, Riyad:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kashe kwamfutar tukuna, ɗauko takarda ka yi lissafi. A talabijin ɗin nan ƙasar, daƙiƙa ɗaya hoto 25 ce, biyar kuwa 125. Cire 25 na ƙarshe, nan tambarin zai tsaya cak ido ya karanta. Hoto 100 kacal ke hannunka.

Aikin da na fi so a cikin nawa, daga saƙar sadu ta Larabawan ƙauye na ɗauko shi: ja, baƙi, fari, da 'yan kusurwoyin nan nasu. Na warware zaren ya watse, sannan ya sake saƙuwa ya zama sunan tashar. Ba wanda ya ce ga darduma, amma duk Balaraben da ya kalla sai ya ce kamar ya san abin.

'Yar Makka:
Yaya, ni kuskurena zan faɗa. Hannu ya saba da boko, sai na sa komai ya taho daga hagu. Mai tashar ya kalla sau biyu, ya ce abin kamar baya yake komawa. Da gaskiyarsa, sunan da Larabci yake, ido ta dama yake farawa. Juyawar ta cinye mini kwana biyu, don har inuwa sai da ta sauya gefe.

Kuma ka tambaye su tun yanzu ko za su so na azumi. Za su so.

Mai Zane, Riyad:
Haka ne Hajiya. Ka karɓi sautin ma kafin ka fara, motsi shi ke bin kiɗa.

Ɗan Jidda:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na ciro babbar rigar Baba daga akwati, mai aska takwas. Na shimfiɗa ta a gado, ina bin ɗinkin aljihun da fensir, daga dama.