Abin da magina da injiniyoyi suka ce kan ginin da zai jure zafi da damina

An yi wata tattaunawa da ta haɗa magina na gargajiya da injiniyoyi da masu zanen gini, kuma inda suka fi daɗewa shi ne batun zafi. Bulon siminti da rufin kwano suna mayar da ɗaki tanderu a watan Afrilu, alhali katangar ƙasa mai kauri tana tsare zafin rana, sai dare ya yi ta sake shi. Shawararsu ita ce a koma ga ƙasa, amma da gyara: a gauraya jar ƙasa da siminti kaɗan, a matse da inji, irin tubalin da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta daɗe tana aiki a kansa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shaida ne kan abin da ƙasa da azara za su iya ɗauka.

Maginan gargajiya sun ja kunne cewa ruwa ne babban abokin gabar irin wannan gini. A ɗaga harsashi da dutse ko kankare, a tsawaita bakin rufi, a sa indararo mai nisa da bango. A ganina, wannan ne mutane suka fi sakaci da shi.

Kan bene kuwa, mahalarta tattaunawar ba su yi sassauci ba. A gwada ƙasar fili kafin haƙa, a ɗauki injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, kada a rage rodi ko siminti don tsimi. Bayan an zuba kankare, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, domin sai wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa.