Shafin sama na kifin katako yaƙi bushewa, dan Allah a taimaka

Mai_Fatsa:
Salamu alaikum jama'a. Ina sassaƙa ƙananan kifin katako na fatsa, irin wanda ake ja a ruwa babban kifi ya ɗauka abinci ne ya kawo hari. Sassaƙa da fenti ba matsala, inda nake cijewa shafin ƙarshe ne, wato mai ƙyallin nan da ke kare fenti daga ruwa. Ifoksi (gam ɗin nan mai ruwa biyu da ake haɗawa, ɗaya shine mai busarwa) mai kamawa a minti 5 nake sawa, toh wani ya bushe wani kuma ya tsaya da danƙo kaman an shafa masa gam, sannan duk ya gangaro ya taru a wutsiya, ga wasu ƴan ramuka da yake bari inda ya ƙi zama sam. Kayan ne basu da kyau ko hannuna ne? Me kuke sawa ku?

Baban_Ƙugiya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko ajiye mai minti 5 ɗin nan, na manna abu ne ba na shafi ba, kafin ka gama zagaye kifin da burushi ya fara kamawa, kuma baya jimawa yake komawa ruwan ɗorawa. Nemi mai minti 30 irin Devcon 2 Ton, ko Envirotex Lite wanda yafi shi ruwa-ruwa kuma yafi jinkirin kamawa.

Maganar danƙo kuwa kusan kullum awo ne ko gauraye. Ruwa biyun nan ɗaya da ɗaya ake haɗawa daidai wa daida, ba da ido ba, kuma ƙara mai busarwar baya sa shi saurin bushewa, mutane da yawa haka suke zato, ƙara lalata shi yake. Ka juya kaman minti 2 zuwa 3 kana kankare gefen kofin da gindinsa, sbd wanda ya maƙale a gefe bai gauraya ba shine burushinka zai kwaso ya kai jikin kifin, wurin kuma ba zai taɓa bushewa ba ko shekara zaiyi. Sanyi ma yana jan lokaci, ɗaki mai ɗumi kaman digiri 21 zuwa 27 yafi.

Gangarowa kuma ba laifin kowa bane, ruwa ne, dole ya bi ƙasa. Maganinsa juyi. Ka samu ɗan injin da ke juya faranti a cikin maikirowef, yana zagaye 5 ko 6 a minti, ka haɗa masa sanda da abin maƙale kifin, ka barshi yana juyawa har shafin ya tsaya. Envirotex sai yayi awoyi yana juyi, kuma sai ya kai kwana 3 kafin yayi tauri sosai, kar kayi gaggawar jefa shi ruwa. Devcon in baka da inji zaka iya juyawa da hannu na ɗan lokaci, amma hannu zai gaya maka.

Sassaƙau:
Baba ya gama magana akan danƙo. Ni ramukan zan taɓa. Maiƙo ne malam. Yatsanka kaɗai ya isa, ka taɓa kifin bayan fenti wurin ifoksi zai gudu ya bar rami kaman idon kifi. Sa safar hannu, dama ya kamata ka sa don ifoksi yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje in fata ta daɗe tana haɗuwa dashi. Sannan in sirinjin asibiti kake awo dashi ka lura, akwai man silikon a jikin robar cikinsa, shi ma yana kawo ramukan nan.

Wani abu da baka tambaya ba amma zai dameka gaba: ka toshe katakon kafin fenti? Musamman in balsa ne, katakon nan mara nauyi, shan ruwa yake kaman soso. Haƙorin kifi ko bakin ƙugiya ya huda shafin sau ɗaya, ruwa ya shiga, katako ya kumbura, fenti da shafin su ɓare gaba ɗaya. Ka shafa masa sufagulu mai ruwa-ruwa ko ifoksi siriri tun yana farin katako, ka goge da samfefa mai laushi sannan fenti. Kuma ka rage kaifin gefuna, ifoksi baya son zama a kan kaifi, janyewa yake ya bar wurin ba kariya.

Ɗan_Jirgi:
Ni dai gaskiya na gaji da haɗe-haɗen nan, tsomawa nake. Wani shafi ne na gwangwani, KBS Diamond Clear, ka tsoma kifin ka ciro a hankali ka rataye ya ɗige, ba awo ba inji. Kuma siriri ne baya ƙara nauyi sosai, wanda a ƙaramin kifi ba ƙaramin abu bane, ifoksi mai kauri zai iya sa wanda ka ƙera don ya taso ya koma nutsewa ko rawarsa a ruwa ta mutu. Matsalarsa dai, da laimar iska yake bushewa, so duk buɗe gwangwani yana shan iska, wata rana ka buɗe ka tarar ya daskare. Ga wari, sai a wuri mai iska. Fentin ruwa kuma ka tabbata ya bushe ƙarau kafin ka tsoma, in ba haka ba zai yamutse.

Mai_Fatsa:
Kai Allah ya saka da alheri, wlh ban taɓa toshe katakon ba. Baba kumfa fa? Ƙananan nan da ke fitowa bayan an shafa. Kuma waɗanda suka riga suka yi danƙo zubarwa zanyi?

Baban_Ƙugiya:
Kumfa ka hura masa numfashi a hankali ta tsinken shan lemo, ko ka gitta wutar laita daga nesa da sauri, zasu fashe, kar dai ka tsaya wuri ɗaya. Masu danƙon kar ka zubar, in kaɗan ne haɗa sabo mai kyau ka shafa a kai zai rufe shi. In ya jiƙe sharkaf ne kankare ka goge da sifirit tukuna.