Shari'ar Google da Oracle: me kotu ta ce ne?

Ɗalibi, Gwagwalada:
Malamai, na ga an rubuta wai kotun Amurka ta halatta kwafar manhaja. Haka ne?

Lauya, Wuse:
A'a ƙanena, azarɓaɓi ne. A 2021 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 2, ta ce layuka kusan 11,500 na Java API na kamfanin Oracle (wato jerin umarnin da masu rubuta manhaja da harshen Java ke kiran ayyuka da su) da Google ya kwafa don Android amfani ne na adalci, wato wanda doka ta yarda a yi ba tare da izinin mai shi ba. Batun ko API na da haƙƙin mallaka kuwa, ba ta yanke ba, ƙaddarawa kawai ta yi yana da shi. Nan 'yan jarida ke tuntuɓe.

Injiniya, Garki:
Kuma layukan sunaye da tsari ne. Masu yin ainihin aikin, Google ne ya rubuta abinsa.

Lauya, Wuse:
Hukuncin ma bai ɗaure mu a Najeriya ba. Dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2022 ce ke aiki a nan, a Babbar Kotun Tarayya.