Kano ce tsakiyar kowa? Musun da ya tashi kan wurin taron zaurenmu

Admin: Assalamu alaikum jama'a. Shekara uku ke nan muna wannan zaure na WhatsApp, kullum gyaran labari da musun ƙa'idar rubutu, amma da yawanmu ko a mota ɗaya muka zauna ba za mu gane juna ba. Shawarata mu haɗu ranar 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya, a Kano. Kano ce tsakiyar kowa, ga shi mu na Kano mun fi kowa yawa a zauren. Kuma ai zumunci a ƙafa yake, wanda ya yi niyya ko ina aka sa zai zo.

Ɗan Maraɗi: Wa'alaikumus salam, Malam. Ranar ta yi daidai. Amma wagga magana taka ta ƙarshe, sai wanda zai hau adaidaita sahu daga Gwammaja ya iso wurin taro ne zai faɗe ta. Ni sai na canza sefa zuwa naira, in bi ta Ɗan Isa, in tsaya a iyaka, in wuce Jibiya, in shiga Katsina, sannan in sake wata mota zuwa Kano. Shingayen hanya kuwa ban ƙirga ba. Niyya gare ni, aljihu ne ba ya da ita. A sa Katsina.

Bakatsine: Allah ya yi maka albarka. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Mutanen Damagaram su biyo ta Matamaye da Kwangwalam, su faɗo Daura, su iso. Mu kai ku hasumiyar Gobarau ku sha kallo.

Admin: Mu ma muna da Dala da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata, in kallo ake so.

Bakatsine: Ga shi nan an fara, tumbin giwa ya motsa.

Baba Malam Sakkwato: Yara, ku dakata. Ku kuna auna taswira, ni ina auna hanya. Daga Sakkwato in na ce Kano, sai Gusau, sai Tsafe, sai Funtuwa, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a yin dare a kanta. In na ce Katsina ta gajeriyar hanya, sai Ƙauran Namoda da Zurmi, wadda iyalina ba za su yarda in bi ba ko da rana tsaka. To dole in zagayo ta Funtuwa da Malumfashi. Ka ga Katsinar da ta sauƙaƙa wa ɗana na Maraɗi ni ba ta rage mini komai ba. Don haka Admin bai yi gaskiya ba da ya ce kowa zai zo, Bakatsine ma bai warware ba.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne Baba, ban tuna da ku ba. A gafarce ni.

Maman 'Yan Biyu, Zariya: Tun ɗazu maza ke magana, alhali in aka duba masu turo labari a zauren nan mata sun fi yawa. Ni Kano nake so, amma ba don dalilin Admin ba. Daga Zariya zan iya fita bayan asuba, in yi taro, in dawo gida kafin magariba. In aka ce sai na kwana a otal a garin da ba ni da kowa, maigidan ba zai bari ba, kuma ni ma ba zan roƙa ba. Ga shi Agusta yara suna dogon hutu, wa zan bar wa su kwana biyu? Ina da niyya ƙwarai, Malam, amma akwai wurin da in aka sa ba za ku gan ni ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

'Yar Damagaram: Anti kin faɗi abin da ke raina. Ni kam ko ina ne sai na kwana. A Kano ina da gwaggo a Fagge, a Katsina ba ni da kowa. Sai dai ku tuna, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka sai cikin Maris na 2024 aka buɗe. Yanzu kuma Nijar ta fita daga CEDEAO, wadda ku kuke kira ECOWAS. Ana wucewa, amma kowa ya riƙo katinsa na ɗan ƙasa, kar ya ce ai gida ne.

Bakatsine: Da jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ya fara aiki da duk an huta. Ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi.

Ɗan Maraɗi: Tun 2021 aka aza harsashinsa muke jira. Kar mu ɗaura taronmu a wutsiyarsa.

Admin: To ai kun dawo kan maganata, Kano ɗin dai.

Maman 'Yan Biyu, Zariya: A'a Malam, mun dawo Kano, ba mu dawo kan maganarka ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake zama a yi lissafi. Kai ba ka biyan ko sisi, Baba Malam zai biya na zuwa da dawowa da na kwana. In karo-karon ɗakin taro da abinci ya zama daidai wa daida, an zalunce shi.

Baba Malam Sakkwato: 'Yata ta gama magana. Ga abin da nake gani. Mutanen Kano su ɗauki nauyin wuri da abinci su kaɗai, tunda su aka kawo wa taro har gida. Abin da sauran suka tara a tallafa wa na nesa da kuɗin mota. Baƙi maza a raba su gidajen 'yan'uwa, mata su sauka wurin mata. A fara ƙarfe 10 na safe, a tashi da an yi la'asar, saboda damina ce, hadari ba ya sallama. Kuma ban da jawabin manyan baƙi, mun zo ganin juna ne.

Admin: Nauyin ya yi mana yawa fa, Baba. Mu nawa ne a Kanon?

Bakatsine: Ɗazu kun fi kowa yawa, yanzu da aka zo kuɗi kun ragu?

Admin: Shi ke nan, na karɓa. Zan buɗe ƙuri'a yau da dare, wanda ya tabbata zai zo ya danna, ban da "in sha Allahu" irin ta kunya. Anti, ke ce ma'aji.

Ɗan Maraɗi: Na yarda, da sharaɗi guda. A rubuta yanzu cewa taron baɗi a Maraɗi za a yi shi.

Admin: Kai, Maraɗi fa da nisa. Ga iyaka, ga canjin kuɗi.

'Yar Damagaram: Haba Malam. Ai wanda ya yi niyya ko ina aka sa zai zo.