Miksa zan saya ko baibireta? Kuɗin ɗaya gare ni

Birkilan Ɗorayi:
Assalamu alaikum. Shekara goma sha ɗaya ina jera bulo a ƙarƙashin wasu, sai bana Allah Ya kawo mini aikin kaina, bene hawa ɗaya. Dekin mita 12 ne a 10, kauri inci shida. Shebur, cokali, kwanon sarki, baro biyu da tiyon awon lebul duk ina da su. Jiya na shiga Ƙofar Ruwa na ga tsohuwar miksa, wato injin kwaɓa kankare, mai cin buhun siminti ɗaya, mai shan gas. Mai ita ya tashe ta, ta tashi, amma hayaƙin baƙi ƙirin. A wani shagon kuma ga baibireta, wato injin girgiza ɗanyen kankare, sabuwa fil mai fetur. Aljihuna ba zai ɗauki biyun ba.

Abin da ya sa nake ta juya maganar, bara mun zuba filoli a wani gida. Da kafinta ya cire katako sai ga jikinsu duk ramuka kamar saƙar zuma, har rodi na leƙowa. Oga ya ce a shafe da filasta kafin mai gida ya iso, kuma ni na shafe da hannuna. Ba na son irin wannan a aikin da sunana ke kai.

Tsohon Magini:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ai ka ba kanka amsa. Ramukan nan iska ce ta maƙale tsakanin tsakuwa, kuma miksa ba ta fitar da iska. Sayi baibireta, miksa ka yi haya. Dekin nawa za ka zuba a shekara? In biyu ne ko uku, sauran watannin tana ajiye tana tsatsa, ga kuɗin motar kai ta wurin aiki, ga na bakanike. Baibireta kuwa a Keke Napep za ka jefa ta, kuma kowace fila da linta sai ta yi maka aiki.

Amma ka koya wa yaron da zai riƙe ta. A tsaye ake soka ta, a bar ta daƙiƙa goma ko sha biyar, sai kumfa ta daina tasowa, fuskar kankaren ta yi sheƙi, a zare a hankali don ramin ya rufe. Kada ya riƙa jan kankare da ita kamar shebur. In ya daɗe a wuri guda tsakuwa za ta zauna ƙasa, ruwan siminti ya taso sama. Ga fila mai rodi a matse, nemi mai siririn kai.

Mai Rodi Kawo:
Baba ya yi gaskiya, sai dai kar "haya" ta koma "leburori su kwaɓa da shebur" ranar da aka ga lissafi. Malam, dekinka kubik mita 18 ne tun ba a sa bim ba, wato ginshiƙan kwance da ke ɗauke da dekin. A haɗin 1:2:4 na siminti, yashi da tsakuwa, kowane kubik na cin buhu shida da ɗoriya, ka haura buhu ɗari ke nan. Wa zai juya wannan da hannu ya fita iri ɗaya? Kafin azahar hannu ya mutu, sai su riƙa malala ruwa don shebur ya yi sauƙi.

Ruwan nan shi ne ɓarawon da ba a kamawa. Buhu mai kilo 50 jarka ɗaya mai lita 25 ta kusa isarsa, in yashin da danshi ma a rage. Siminti kwanon sarki biyu ne a buhu, saboda haka yashi huɗu, tsakuwa takwas. Ka tsayar da mutum ɗaya a bakin miksa wanda ba ya jin kunyar mai injin. Sannan ka je ka ga miksar tana juyawa kwana ɗaya kafin aiki. Ni an taɓa kawo mini wadda ta mutu da hantsi, kafin bakanike ya zo rabin dekin ya kama, har yau a wannan gaɓar gidan yake yoyo.

Injiniya Ƙarama:
Ku ƙara da abin da ke ƙarƙashin dekin. Gora ko ƙarfen tokara su zauna kan katako, ba kan ƙasa mai laushi ba. A sa biskit, wato 'yan ƙananan dunƙulen siminti, a ƙarƙashin rodi ya ɗaga kamar inci ɗaya, kar ya kwanta kan katako. Bayan zubi a yi ta ban ruwa aƙalla kwana bakwai, kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Ka saya wa leburori takalmin roba, ɗanyen siminti yana cin ƙafa.

Birkilan Ɗorayi:
Na gode, Allah Ya saka. Baba, baibiretar na saya da safen nan, canjin kuma na ƙaro duro biyu, don unguwar sai 'yan garuwa. Injiniya, mai gida na matsa mini a cire gora bayan sati biyu, wai zai mayar wa mai haya. Na ce masa sati uku. In ya ƙi, zan sa shi ya karanta amsarki da idonsa.