Kuɗin Adashe: Hannun Jari Ko Tumaki?

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum. Na kwashi adashe na naira 300,000, kuma ƙanina ya matsa mini in sayi hannun jari a kasuwar hannun jari ta Najeriya (NGX) ta waya, maimakon in sayi tumaki in kiwata kamar yadda na saba. Abin da yake sa ni ɗari-ɗari shi ne takardun hannun jarin bankuna da marigayi mahaifinmu ya saya, waɗanda har yau suna cikin akwatin ƙarfe, ba mu ga ko kwabo daga gare su ba. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya jiƙan Baba. Abin da ya same shi ya sami dubban mutane, domin bayan da Babban Bankin Najeriya ya tilasta wa bankuna ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 25 a 2005, jama'a sun yi ta rububin saye, wasu ma da bashi, har kasuwar ta rushe a 2008. Duk da haka, kada ki yar da takardun nan. Ki kai su wurin dillalin da ke da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, ya buɗe asusun CSCS, inda ake adana hannun jari a na'ura maimakon takarda, a bincika ko akwai rabon ribar da ba a karɓa ba. Za a nemi takardun gado, kuma aikin yana cin lokaci. Amfanin kasuwar ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne ba ta bukatar jari mai yawa: lokacin da MTN ya sayar wa jama'a hannun jari a 2021, naira 169 ne kowane ɗaya, mafi ƙarancin saye kuma guda 20.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Malama, ni ban hana ki ba, amma ki yi lissafi tukuna. Dillali zai cire ladansa a saye da sayarwa, sannan a cire harajin kashi 10 cikin 100 daga rabon riba, wanda kamfani ma yana iya cewa bana babu. Tumakinki kuwa kin san cinsu, kin san ciwonsu, kin san lokacin da suke tsada. Idan kuɗin makarantar yara za ki biya da shi nan da wata shida, to bai kamata ya shiga inda farashi zai iya faɗuwa ranar da bukata ta taso ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Akwai kuma batun halasci, ƙanwata, domin bankunan da ke mu'amala da kuɗin ruwa da kamfanonin giya duk a kasuwar suke. Tun 2012 akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic, wanda ke tace kamfanoni bisa ƙa'idojin Shari'a, ga kuma sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017. Ni da naira 50,000 na fara, na raba wa kamfanoni uku, na daina duba farashi kullum saboda yana hana ni barci.