Gina gareji a kan bututun ruwa: a kewaye shi ko a bi ta kansa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. An shata wurin gareji a gefen gida, sai aka gano bututun ruwa ya ratsa ta ƙarƙashin filin. Waɗanda suka san aikin, me ya kamata a yi kafin a haƙa harsashi?

Injiniyan gini: Wa alaikumus salam, Malam. Fara tantance bututun na waye. In babban layin hukumar ruwa ne, galibi ba a yarda a yi gini a kansa ba, kuma ranar da ya fashe suna iya fasa ginin su kai gare shi. In kuwa wanda ya taso daga mita zuwa cikin gida ne, shawara a hannunka take. Kada a dogara da tsohon zane. A tona ƙananan ramuka biyu ko uku da shebur, ba da diga ba, a ga zurfinsa da inda ya nufa. Na'urar gano ƙarfe ba ta jin bututun roba.

Mai aikin famfo: Gaskiyar Injiniya. Ni a ganina a karkatar da layin kawai, ya bi ta bayan ginin. Ƙarin 'yan mitoci na bututu ya fi fasa kankare sauƙi nesa ba kusa ba. In babu hanya, to a zura shi cikin wani bututun da ya fi shi faɗi aƙalla ninki biyu, misali na milimita 25 cikin na 63. Babban ya zarce harsashi ta kowane ɓangare, a miƙe, ba kwana mai kaifi, don ranar da aka samu matsala a zare na ciki a zura sabo. Sharaɗin da ba a sassautawa: kada a bar mahaɗa ko ɗaya ƙarƙashin daɓen, domin yoyo kusan kullum daga mahaɗa yake farawa. Tsohon bututun ƙarfe kuwa a cire shi, tsatsa ta riga ta ci bakin zarensa.

Magini: Abin da ake yawan mantawa, nauyin harsashi ba ƙasa kai tsaye yake sauka ba, bazuwa yake yi gefe da gefe, kusan digiri 45. Ramin bututun da ya bi gefen harsashi, ya kuma fi shi zurfi, shi ke sa bango ya nitse. Inda bututu ya ratsa bango, a ɗora linta a sama, a bar tazarar kamar santimita 5 kewaye da shi. A shimfiɗa yashi santimita 10 ƙasa da sama, a cike ramin hawa-hawa, kowane santimita 15 a daɓe.

Injiniyan gini: Ƙari kan maganar Magini: fetur da baƙin mai suna iya ratsa bututun roba su ɓata ruwan sha, gareji kuwa ba ya rasa ɗigon mai. Kada bututun ya bi ƙarƙashin inda injin mota zai riƙa tsayawa.

Mai aikin famfo: Sannan a sa makullin ruwa a kan layin kafin ya shiga ƙarƙashin ginin. Kafin zuba kankare a buɗe ruwa, a rufe duk famfunan gida, a duba mita. In tana motsi, akwai yoyo, a dakata da zubi.